Ana Kan Shawarar Giyabos

Ranar Talata giyabos ɗin motar Ulamila ya mutu, a kan tudun da ke tsakanin bakin teku da coci, da jirgin kamun kifin ɗanta Kitione ɗaure a bayanta. Ina zaune a ƙofar ɗakina na ji ƙarar, kamar an zuba cokula a tukunyar ƙarfe an girgiza. Inji ya ci gaba da ihu, mota kuwa ta fara sulalewa baya a hankali, har sai da wasu suka ruga suka sa mata dutse.

Garantin da kamfani ya ba motar ya ƙare a ƙarshen watan da ya wuce.

Ulamila matar ƙanena Waisake ce. Ƙuruciyarta duk ta tafi a ɗakin wanki da guga na wani otal. Da ta ajiye aiki ta ɗebi kuɗin sallamarta ta sayi 'yar ƙaramar mota, don tana da ciwon suga, asibiti kuma yana Rakiraki. A bana wani ɗan miki ya fito mata a babban yatsan ƙafar dama ya ƙi rufewa. Nas ta ce a riƙa kawo ta wanki sau uku a mako, kada ta yi doguwar tafiya a kansa, kada ruwa ya taɓa shi. Ulamila ba ta iya tuƙi ba. Kitione ne direba, wato dai Kitione ne mai mota.

Tun garanti na da rai motar take gurnani idan za ta canja giya. Ulamila ta ce a kai ta Suva kamfani su duba. To amma zuwa Suva kwana biyu ne mota ba ta gari, kuma gari ba ya wayewa a ƙauyenmu ba tare da wani ya zo kerekere ba. Mutum ya sunkuyo ta ƙofa, ya zauna a ƙasa, ya tafa hannu, ya ce, "Kerekere, motar nan." Shi ke nan ta zama tasa har ya gama. Ba a ce wa mai kerekere a'a. Motar ta kai fasto taro, ta kai 'yan ƙwallon zari-ruga wasa wani kan wani, ta ɗauko alade daga ƙetaren kogi, ta ja jirgi. Waisake ne ke amsawa kullum: "Ba komai, ɗauka." An san ƙanena da kyauta a duk yankin nan, musamman da abin da ba shi ya saya ba.

Kitione ya buga wa kamfani waya a gabana. Da ya kashe na tambaye shi abin da suka ce. Tata Levu yake ce mini, wato baffa.

"Wai garanti ya wuce, Tata Levu. Har tambayata suke ko muna jan kaya da ita."

"Ka ce me?"

"Na ce ba ma ja mana. Jirgi kaya ne?"

Aka kira Bissun, makaniki daga Rakiraki. Ya shiga ƙarƙashin motar, ya fito, ya goge hannu a wando, ya ce hanya uku ce.

"Akwai sabo daga kamfani. Kuɗinsa ya kusa na motar, kuma sai an yo odarsa daga waje. Ko in buɗe wannan in sake masa kayan ciki, shi ma sai mun jira kaya. Ko kuma na gwanjo, yana garejina yanzu haka, na cire shi daga wata irinta da ta yi hatsari. In kun ce shi, jibi ku hau motarku."

"Wanne ya fi?" in ji Waisake.

"Wanda kuke da kuɗinsa."

Abin da ya rage wa Ulamila na sallama yana cikin wani gwangwanin biskit, kuma ya isa na gwanjo. Daga ƙofar kicin ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "A sa na gwanjon."

Waisake ya ce, "Za a zauna a kai."

Ni ban ce mata komai ba, don ba na ce mata komai. A wurinmu wa ba ya magana da matar ƙaninsa. Ba ya kiran sunanta, ba ya karɓar abu daga hannunta, in sun haɗu a hanya ɗaya ya ratse. In ina cin abinci a gidansu na so gishiri, ginshiƙin ɗaki nake gaya wa, sai in ga gishiri ya iso. Na karanta abin da masu bincike suka rubuta a kan wannan al'ada tamu. Sun ce girmamawa ce. Gaskiyarsu. Ban taɓa ganin macen da aka girmama kamar Ulamila ba.

Da yamma aka shimfiɗa tabarma, aka jiƙa yangona, dakakkiyar saiwar da maza ke sha a wurin zama, a babban akushi, maza suka zagaye shi. Ni ne babba, aka ba ni ƙoƙon farko. Mai motar tana can bakin ƙofa inda mata ke zama, tana ɓare gwaza.

Waisake ya gyara murya, irin gyaran da yake yi in zai karanta sanarwa a coci. Masta ake ce mini a garin, don na yi aikin malamin makaranta.

"Masta, ka ji abin da mutumin nan ya ce? Daga motar da ta yi hatsari. Wa ya mutu a cikinta? Ɗan wa ne? Mu ɗauko kayan mamaci mu sa a ƙarƙashin matata, ba mu san danginsa ba, ba mu kai musu ko saiwar yangona guda ba?"

"Ƙarfe ne, Waisake."

"Kai komai a wurinka ƙarfe ne. Shi ya sa kujerarka a coci take tara ƙura."

Aka yi dariya, aka tafa, ƙoƙo ya zaga.

Kitione, wanda ke kiran uwarsa Nana, ya ce, "Ni dai in za a yi, a yi mai kyau. Nana ta fi ƙarfin gwanjo. Sabo fil za a sa mata."

"Da kuɗin wa?"

"Allah zai kawo, Tata Levu."

"Kafin ya kawo, ƙafar fa?"

"Akwai bas."

Akwai bas, a kan titi. Tsakaninmu da titi akwai gonakin rake, da hanyar da in an yi ruwa take zama kunu, da wani rafi wanda gadarsa gungumen kwakwa biyu ce. Washegari na ga Ulamila ta fito ta ɗaure ƙafar da ledar burodi, tana dogara sanda. Na ratse na ba ta hanya, kamar yadda ya kamata. Ta dawo rana ta juya, ledar ta yage, bandeji ya zama kalar hanya.

Aka sake zama. Wannan karon an kusa tsayawa a kan a buɗe tsohon a gyara, sai wani dattijo da ya taɓa aikin goge-goge a jirgin ruwan kaya ya ce giyabos in an buɗe shi sau ɗaya ya saba da buɗuwa ke nan. Aka ce to a ƙara tunani. A zama na gaba fasto ya halarta, ya ce gaggawa ba ta masu bangaskiya ba ce. A wanda ya biyo baya aka manta da giyabos gaba ɗaya, aka yi ta musu a kan alƙalin wasan da ya cuce mu ranar Asabar.

Ba a kiran dattawa su zauna a gaban busasshen akushi. Yangona kuwa sayenta ake yi, tana kuma tsada. Tunda zaman na motar Ulamila ne, adalci ya nuna cewa daga gwangwaninta za a riƙa ɗiba.

Zuwa asibiti ya koma sau biyu a mako, ya koma sau ɗaya. Ranar da ta je, kwana biyu take yi ba ta iya taka ƙasa, amma tana iya zama a gaban murhu, don haka abinci bai taɓa makara ba, ba wanda kuma ya ga wani canji. Daga baya ta daina zuwa. Na tambayi Waisake dalili.

"Ita ce ta ce ta ji sauƙi."

Na tambayi Kitione.

"Nana ba ta son warin asibiti, Tata Levu. Na samo mata ganye daga dutse, mai kyau. Shi kakanninmu suke sawa."

"Kakanninmu ba su sha shayi da suga cokali huɗu ba."

Ya yi dariya ya ce ni dai da barkwanci.

Na nufi gidan Vasemaca, taubashiyata, 'yar kawuna, abin da muke ce wa tavale. Ita kaɗai ce a garin take gaya mini abin da ta ga dama, ni ma in mayar mata. Na same ta tana saƙa tabarma.

"Tavale! Me ya fito da kai daga ramin littattafanka? In aure kake nema ka wuce, ni ba na auren tsoho mai warin takarda."

"Ko kyauta aka ba ni ke sai na nemi canji. Tashi ki je ki gaya wa matar gidan can ta ɗauki gwangwaninta ta danƙa wa Bissun da hannunta, tun da sauran abu a ciki."

"Matar gidan can. Ba ta da suna ne?"

"Tana da shi. Ni ne ba ni da baki."

Ta tafi tana yi mini tsiya. Da ta dawo ba ta yi tsiyar ba. Ta zauna a kan dutsen ƙofata.

"Ta ce a gaishe da Masta, ta gode. Ta ce magana tana hannun maza. In ta tsallake su, da wane ido za ta kalli garin nan?" Ta juyo ta dube ni. "Tavale, ka shiga ɗakin nan kwanan nan kuwa? Turare take zubawa a kan bandejin. Turaren zuwa coci."

A tsawon wannan lokaci motar tana ƙarƙashin mangwaro inda aka turo ta. Kitione ya cire batirin ya sa wa fitilar jirginsa, kada ya lalace a banza. Wani ya zo kerekeren taya ɗaya, wani ya zo kerekeren ta biyu. Kujerar baya ta koma barandar fasto, don baƙi. Kaji suka gano cewa wurin direba ya dace da ƙwai. Duk wanda ya ɗauki abu ya yi alkawarin dawo da shi da zarar an gama shawara.

Fanshon malamin makaranta ba wani abu ba ne, amma tun da matata Losalini ta rasu ba ni da mai cinsa sai ni da kantin littattafai. Na je Rakiraki na biya wani mai tasi kuɗin zuwa da dawowa. Da na dawo na shiga gidan ƙanena, na tsaya a gaban ginshiƙi na ce masa gobe da safe tasi za ta zo, ta wanda ƙafarsa ke ciwo ce, an riga an biya. Daga kicin na ji wuƙa ta daina yanka, can ta ci gaba.

Da safe tasi ta zo. Ulamila na zaune a bakin ƙofa cikin rigarta mai furanni, ta sa wa ƙafar sabon ƙyalle, jaka a cinya. Mutane sun fito kallo, don tasi ba ta cika shigowa ƙauyenmu ba. Sai ga Waisake da farar riga da zanen zuwa coci. Ya zo gabana ya zauna a ƙasa, a kan ciyawa, ya tafa hannu.

"Masta, ka yi abin da babban wa ke yi. Allah ya saka. Amma ka duba mana. In ta je yau, jibi fa? Kullum tasi? Gara a kashe matsalar daga tushe. An ba ni labarin wani giyabos a Lautoka, na motar wata tsohuwar Baturiya, ko kaza ba ta taɓa takawa ba. Mu je mu gani da ni da Kitione da mutum biyu da suka san inji. Kerekere, Masta, tasin nan."

Na ce, "A'a."

Ban san kalma mai gaɓa biyu tana da nauyi haka ba. Wata mata ta rufe baki da hannu. Mai tasi ya kashe rediyonsa.

Waisake ya ɗago kai yana murmushi. "Ban ji ba."

"Ka ji. Na biya don a kai ƙafa asibiti."

"Ikon Allah. Ƙafar matata ta dame ka haka?" Ya juya ya dubi mutane, don kowa ya sami rabonsa na maganar. "Ashe ka san magani, Masta. Da ka nuna shi tun da wuri, da Losalini na nan."

Ban san abin da zan yi masa ba da an bar ni. Ba a bar ni ba. Ulamila ta dafa bango ta miƙe. Ba ta dube ni ba. Ta dubi ƙyauren ƙofa ta ce masa, "A gaya wa Masta ƙafar ta yi sauƙi yau. Kada 'yan'uwa su ɓata saboda ni. Su tafi."

Ta shige ciki da jakarta.

Suka tafi su huɗu. Da yamma suka dawo da labarin cewa an riga an sayar da giyabos ɗin Baturiya, da sabuwar koma ta Kitione, da kuma yabon wani gidan abinci mai naman akuya da yaji. Waisake ya aiko mini da ragowar a leda, don a san ba ya riƙe mutum a zuci.

Daga ranar aka daina kirana zama. Mutumin da ya ce wa mai kerekere a'a, a gaban jama'a, saboda matar ƙaninsa, ba a san abin da zai yi gobe ba. In na wuce mata na wanki a bakin famfo sai hira ta tsaya. Vasemaca ta ce mini, "Ka yi suna, tavale. Wai har an ce kai ka saya mata rigar mai furanni." Na sake biyan tasi. Wannan karon Ulamila ba ta ko fito ba. Ta aiko a ce tana barci.

Zaman dai ya ci gaba ba tare da ni ba. Na ji an kawo shawara ta huɗu, wai a mayar da motar mai giyar hannu, don ta fi jan jirgi. Na ji an kafa kwamitin mutum uku. Na ji gwangwani ya fara ƙara in an girgiza shi.

Wata Lahadi aka taso daga coci, maza suka zauna jiran abincin rana, abinci bai fito ba. Wannan ne ya sa aka leƙa kicin. Aka same ta a ƙasa kusa da murhu, jikinta kamar garwashi, tana magana da mahaifiyarta da ta daɗe da rasuwa. Da Vasemaca ta kwance ƙyallen, mazan da suka san inji suka fita waje da sauri.

A bayan motar ɗaukar rake aka kai ta, a kan tabarma. Daga Rakiraki aka wuce da ita Lautoka. Likita ya yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Vasemaca, wadda ta bi su, ta ce likitan ya tambayi Waisake me ya sa aka bari har haka.

"Matsalar mota muka samu, likita."

Ban taɓa kama ƙanena da ƙarya ba. Ba ya buƙatarta.

An yanke ƙafa, amma dafin ya riga ya shiga jini. Da Vasemaca ta dawo ɗaukar kaya ta biyo ta wurina, ba ta kira ni tavale ba, sunana ta kira. "Isikeli, in za ka je, ka je."

Na hau bas. Tun daga gonakin rake har Lautoka ina shirya magana. Na yanke cewa zan tsaya a gabanta in kira sunanta, in dube ta, duk abin da zai biyo baya ya biyo. Na koyar da yara nahawu shekara da shekaru, amma ban taɓa wahala da gina jimla kamar ranar ba.

Gadonta na kusa da taga. Ta rame, bargo ya kwanta shafe a inda ya kamata ya yi tudu. Ba kowa a wurin, an ce Waisake ya fita neman shayi. Idonta biyu. Da ta gan ni ta yi abin da ta saba yi tun ranar da aka kawo ta gidanmu tana amarya: ta jawo mayafi ta rufe kai, ta juya fuska. Ba ginshiƙi a ɗakin, sai sandar ƙarfen da aka rataya ledar ƙarin ruwa. Ita ta duba.

"A gaya wa Masta na gode da tasi," ta ce da sandar. Muryar sai da na matso na ji ta. "A gaya masa ya yafe mini. Na raba shi da ɗan'uwansa. Na wahalar da gida, na sa maza zama kullum a kan motata, ga kuɗin bas da kowa ke kashewa yanzu. A ba kowa haƙuri."

Na matsa har gwiwata ta taɓa ƙarfen gado. Na buɗe baki.

"Masta! Ka iso?" Waisake ne, da kofin shayi a hannu. Ya ajiye shi, ya kama hannuna, idonsa ya ciko da ƙwalla ta gaske. Ƙanena yana iya kuka, wannan ma baiwa ce. "Na san jini ba ya ƙarya. Mu yi addu'a."

Ya yi addu'a. Ya roƙa wa mara lafiya sauƙi, ya roƙa wa likitoci basira, ya roƙa wa gwamnati, da masu noman rake, da 'yan'uwanmu da ke aiki a ƙasashen waje. Ya roƙi Ubangiji ya sassauta zukatan masu taurin kai, ya ɗan matse hannuna. Ya roƙi a haskaka wa kwamiti hanya a kan maganar giyabos, don a yi zaɓin da zai faranta wa kowa. Kafin ya ce amin nas ta zo ta ce lokacin ziyara ya ƙare. Ulamila ta yi barci, ko kuma ta yi kamar ta yi.

Ta rasu washegari da hantsi, ina cikin bas a hanyar komawa asibitin.

Jana'iza a wurinmu ba ƙaramin aiki ba ce. Dangi za su zo daga tsibirai, daga Suva, daga cikin duwatsu. Za a taro su a titi, a ɗauko tabarmi, da buhunan gwaza da rogo, da shanu da aladu. Gidan da ke da mota a ƙarƙashin mangwaro, a ce baƙinsa suna tako laka da ƙafa, abin kunya ne da za a yi ta faɗa har jikoki.

Ba a jiƙa yangona ba. Ba a kira kwamiti ba. Waisake ya buga wa Bissun waya yana tsaye a tsakar gida.

"Na gwanjon nan yana nan?"

Yana nan. Ba wanda ya saya. Aka biya daga gudummawar ta'aziyya ta farko da ta shigo. Kafin rana ta faɗi batiri ya dawo daga jirgi, tayoyi suka dawo, kujera ta dawo daga barandar fasto da ɗan tabon shayi. Aka kori kaji. Bissun ya zo da motar ja ya tafi da ita, ya dawo da ita a kan ƙafafunta, kamar yadda ya faɗa tun farko.

Na tari Waisake a bayan rumfar makoki.

"Mamacin da ke cikin giyabos fa? Kun gano danginsa?"

"Fasto ya ɗora masa hannu," ya ce. "Kuma Masta, yanzu lokacin wannan maganar ne?"

Motar ta yi aiki ƙwarai. Ba gurnani, ba ƙara. Ta yi ta zirga-zirga tsakanin titi da ƙauye ta doguwar hanyar da motoci ke bi, tana sauke mata masu baƙaƙen kaya, ba wadda laka ta taɓa wa ƙafa. Baƙi suka yi ta yaba gidan. Wata tsohuwa daga tsibiri ta shafa jikin motar ta ce, "Kai, Waisake ya riƙe matar nan da kyau."

A coci ƙanena ya yi jawabi, ya sa mutane kuka. Ya ce a duk zamansu bai taɓa jin ta ɗaga murya ba. Bai taɓa jin ta ce wannan nawa ne ba. Ya ce ko a gadon asibiti, maganarta ta ƙarshe neman gafarar gida ce, ya kuma sanar a gaban jama'a cewa gida ya yafe mata. Aka ce amin. Ya yi kira ga 'yan mata su yi koyi.

Za su yi. Na ga fuskokinsu. Suna zaune a layin baya suna sauraro, suna koyon yadda ake zama macen da za a yaba a kan akwatinta. Mu kuwa maza mun fito da mutuncinmu cikakke. Ba wanda ya ɗaga mata hannu, ba wanda ya zage ta, ba wanda ya hana ta komai. Shawara kawai muka yi, cikin ladabi, kowa da ƙoƙonsa, har ta ƙare.

Bayan an rufe kabari an shimfiɗa masa tabarmi, mutane suka watse. Na tsaya. Na yi tunanin ko al'ada ta hana wa magana da kabarin matar ƙaninsa. Ban taɓa karanta hukuncin a ko'ina ba. Kafin in yanke, Kitione ya danna ham daga bakin hanya.

"Tata Levu, zo in sauke ka! Ka ji yadda take shiga giya kuwa? Kamar man shanu. Da mun sani tun farko shi muka sa."

Akwai mutane a motar, duk suna kallona. Na ce masa zan taka.

Abin da na shirya a bas mai tsawo ne, na manta rabinsa, kuma ba shi ne ya dace ba. Wanda ya zo mini a bakin gadon gajere ne, da an ba ni numfashi ɗaya da ya fita:

Ulamila, ba ke ce za ki ba da haƙuri ba.